Yarinyar da Ta Ɗauki Jarka a Kafaɗa

Jikata a kafaɗa take ɗaukar kaya. Daga nan zan fara, don in ba a san wannan ba, ba za a gane abin da ya sa tsohuwa kamata ta yi ta bin majigi gari-gari ba.

Mu Hausawa ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo kakanninmu Minna, a Ketaren Gwari na yi aure na tsufa. Ɗana kuwa 'yar Gbagyi ya aura daga Garatu, su kuma matansu ba sa ɗora kaya a kai, sai a kafaɗa. Uwar ta rasu yarinyar ba ta gama girma ba, ɗana ma ya rasu a bayanta, amma ɗaukar kafaɗar nan ta riga ta zauna mata. In ta dawo daga famfo da jarka a gefen wuya sai in ce, "Ƙawata, kan naki na ado ne?"

Ta ce, "Kaka, nawa na tunani ne. Naki ne na gammo."

To, ana nan, ta gama sakandare, aiki babu. Sai ga wata mata mai yawan fara'a ta shigo unguwa, wai ana neman 'yan mata aikin gidan abinci a ƙasar Larabawa. Jikata ta tafi da rana tsaka, da sallama, da ƙullin ƙuliƙulin da na ba ta. Ta kira ni daga Agadas tana dariya, ta ce ƙuliƙulin ya ƙare. Daga nan wayar ta mutu. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce.

Wata rana wata budurwa ta yi sallama a gidana, Kirista ce 'yar Kudancin Kaduna. Ta ce ta haɗa fim a kan safarar mutane, ita kaɗai da ƙarfinta, tana yawo da shi ana gani, kuma an ba ta labarina. Ta kunna mini a na'urarta. A ciki akwai wani ɗan hoto da wata da ta kuɓuto ta ɗauko a waya: wani gida can bayan sahara, bango dogo, 'yan mata suna ɗiban ruwa a tsakar gida. An shafe fuskokinsu kamar da hayaƙi, don a rufa musu asiri. Dukansu jarka a kai, sai guda ɗaya. Ta sunkuya, ta cicciɓi tata, ta aza a kafaɗa, ta wuce ta bayan bango.

Na ce, "Tsayar. Wannan tawa ce."

Ta ce, "Mama, ban san ko wace ce ba, wallahi. Ni ma da fuskokin a rufe aka ba ni. Kar ki ɗora rai."

Na ce, "'Yata, rai ya riga ya hau."

Daga ranar na zama 'yar rakiyar majigi. Da rana muke nunawa, saboda mata su samu zuwa. A ba mu aji a makarantar firamare, a rataya farin ƙyalle a kan allo, mata su kwance mayafai da zannuwan goyo a toshe tagogi. Janareta yana ta tari a waje. In an gama sai in tashi in yi wa mutane bayani, kada su ba da 'ya'yansu ga mai daɗin baki. Ita mai fim tana tsokanata, wai na fi lasifikarta ƙarfi kuma ba na shan fetur. Amma ni wurina ɗaya ne, tabarmar gaba, daidai inda yarinyar take fitowa. Duk garin da muka je, sai in gan ta da rai, tana tafiya da ƙafarta. Ina sane sarai cewa ƙasar Gbagyi cike take da masu ɗaukar kafaɗa. Sani daban, abin da zuciya ta kama daban.

Sai muka je Paiko ranar kasuwa. Ajin ya cika da mata masu sayar da doya, wasu da ƙasa a hannu. Da yarinyar ta sunkuya ta ɗaga jarkar, wata mata a bayana ta yi wata irin ƙara, irin wadda ake yi in an shigo da gawa.

Ta ce da Hausarta ta 'yan Gbagyi, "Ku tsaya! Ku koma baya! Yarinya nawa ne!"

Na juya na ce, "Baiwar Allah, yi haƙuri, jikata ce. Na daɗe ina bin ta."

Ba ta ko dube ni ba. Ta ratsa mutane ta je gaban ƙyallen. Mai fim ta mayar da hoton baya, ta tsayar daidai inda yarinyar ta ɗaga ƙafa. Matar ta sa yatsa a ƙwaurin yarinyar na dama.

Ta ce, "Ga shi. Salansar mashin ɗin babansa ya ƙone shi, ranar da muka kai doya Minna."

Na matsa kusa har hasken ya shiga idona. Tabo ne, baƙi, mai faɗin bakin ludayi. Yana nan tun ranar farko. Ni kafaɗa nake kallo, ban taɓa sauke ido ƙasa ba. Ƙafar jikata kuwa ni na wanke ta tun tana jinjira, ni nake ƙunsa mata lalle duk sallah. Sumul take, ko ƙwarzane babu.

Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba a lokacin. Matar ce ta yi, tana shafa ƙyallen, tana magana da yarensu. Ranar ban iya tashi na yi bayani ba.

A mota mai fim ta riƙe hannuna. Ta ce, "Mama, in kin gaji ki huta. Ba dole."

Na ce, "Ina za mu sati mai zuwa?"

Ta ce, "Garatu."

Da muka isa Garatu, matar Paiko ta riga mu zuwa. Ta bar doyarta ta hawo mota, tana tsaye a bakin aji, kunya ta hana ta shiga. Na kama hannunta na kai ta tabarmar gaba, na nuna mata daidai inda ake zama. Na ce, "Nan ya fi. Daga nan har yatsun ƙafarta za ki gani."

Ni kuma na koma baya. Akwai wata taga da iska take ta ɗage zaninta, haske yana shigowa yana wanke hoton. Na tsaya na danne zanin da hannu biyu har aka gama.

Har yau nan nake tsayawa. Jikata dai ba labari. In an zo wurin ɗiban ruwan, sauran 'yan matan nake bi da ido yanzu, masu jarka a kai, ɗaya bayan ɗaya. Wa ya sani, ko can an hana ta ɗauka yadda uwarta ta koya mata.