Ranar da Na Kafe da Hafsan Soja a Taɓo

Yayana soja ne, hafsa, har da taurari a kafaɗa. Ni kuwa daga aji uku na sakandare na yi wa malamai sallama, na kama acaɓa tsakanin Rano da Kibiya. Daminar bara sai ga shi ya zo hutu da jaka cike da takardu. Wai an tura shi kwas na masu sayo wa sojoji kayan aiki.

Na ce, "Yaya, cefane ake koya maka? Ai da wajen Inna ka zo, kyauta ne."

Ya kawo mini duka, na goce. Amma fa hankalinsa ba a kwance yake ba. An ba shi aiki ya rubuta irin babur ɗin da ya dace da sojojin da ke sintiri a daji, ya kare zaɓinsa gaban manya. In ya faɗi, an sallame shi daga kwas ɗin.

Ya nuna mini hoton wanda ya zaɓa. Kai! Ƙato kamar bajimin sa, sai ƙyalli.

"Ka taɓa hawansa?"

"A'a."

"Bakanike fa, me ya ce?"

"Bakanike kuma?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Mu nan ba ka sayen babur sai ka zauna a bencin bakanike ka ji ta bakinsa.

Washegari bayan an sha ruwan sama na goya shi a babur ɗina, muka ɗauki hanyar Nariya. Da gangan na faɗa inda taɓo ya fi zurfi. Muka kafe.

"Ranka ya daɗe, sauka ka kama!"

Da ƙyar mu biyu muka ciccibo babur ɗin, wandon Yaya ya zama abin tausayi. Na ce, "Wannan ɗan nawa ke nan. Ƙatonka mutum nawa za su ɗaga shi, kowa da bindiga a baya?"

Bai zage ni ba. Biro ya zaro.

A Kibiya na kai shi wajen dattijon da ke mini gyara. Ya juya hoton, ya ce, "Yallaɓai, yana da kyau. In sarƙarsa ta tsinke a daji, ina za a samo wata? Ni ko sifanar kwance shi ba ni da ita. Wa zai koya wa yaranku gyaransa?"

Yaya ya dafe kai. "Wallahi, Baba, duk an faɗa mana a aji. Gwaji, kayan gyara, tambayar wanda zai hau. Haddacewa kawai na yi."

Kwana uku yana bin 'yan acaɓa a tasha da tambayoyi, suna ta yi masa shaƙiyanci. Ya yaga takardar farko, ya sake sabuwa.

Ana cikin girbin gero ya kira ni a waya, lokacin na ɗauko wata Hajiya zuwa Yalwa. "Kai, ɗan banza, na ci!"

Na kurma ihu, na danna ham, babur na ta rawa a hanya. Hajiya ta dake ni a baya ta ce, "Sauke ni nan, ɗan nan, ni ban shirya mutuwa ba!"