Fitila da Tsakar Rana a Ɗakina

Akwai abubuwa da yawa da suka wuce ni a rayuwa na manta da su, amma watannin nan uku da na kusa kashe amanar 'yata da hannuna, ina ganin daidai nake yi, ba zan manta da su ba har in koma ga Allah.

Ina zaune ne a unguwar Maamobi, a ɗaki ɗaya cikin gidan haya. Sana'ata lambu. Na fi shekara talatin ina shuka latas da kabeji da albasa a gefen babbar gota. Matata ta rasu da daɗewa, ta bar mini 'ya ɗaya. Sunan mahaifiyata na sa mata, shi ya sa ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata. Allah Ya ba ta kan karatu, ta yi jami'a ta karanci ilimin tsirrai, daga baya aka ba ta gurbin ƙarin karatu a ƙasar waje.

Ana gobe za ta tafi, ta shigo ɗakina da kwali. A ciki akwai ƙananan tukwane biyu na roba. Shuka ɗaya ganyenta kamar bakuna ne a buɗe, cikinsu ja, da haƙora sirara. Ɗayar kuma ganyenta cike yake da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar raɓa.

"Baba, waɗannan ƙwari suke ci," in ji ta.

Na ce, "Uwata, ni a lambuna ƙwaro ne ke cin shuka. Yau kuma duniya ta juya?"

Ta yi dariya. Ta ce shekara biyu tana renon su a makaranta, ba za a bar ta ta hau jirgi da su ba, kuma ba wanda ta yarda da hannunsa kamar ni. Ba za su zauna a waje ba, don an rufe tsakar gidanmu da kwano, ga akuyoyin Hajiya mai gida da ba sa barin ko bawon ayaba. Tagar ɗakina kuwa bangon wani bene take kallo, rana ba ta taɓa shigowa. Saboda haka ta fito da wata fitila doguwa, siririya, irin wadda ake kira LED, ta rataya ta a saman tebur, tsakaninta da tukwanen kamar tsawon tafin hannu. Ta kunna, farin haske ya sauka a kansu.

Ta daɗe tana bayani, ina gyaɗa kai. Gaskiya ban saurara ba. Rabin zuciyata na kan tafiyarta, rabi kuma na cewa, yarinyar da na goya a lambu ce za ta koya mini shuka? Da ta gama ta miƙo mini takarda da manyan haruffa, da Hausa ta rubuta, domin ta san ban daɗe da shiga ajin karatun manya ba. Ta ce, "In ka manta, ka karanta." Na ninke na sa a ƙasan akwati.

Bayan tafiyarta ɗakin ya yi mini faɗi. Da can duk ƙarshen mako tana zuwa, ta share, ta yi tuwo, ta cika ni da surutu. Yanzu in na dawo daga lambu sai in sayi waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi, in ci ni kaɗai, in zauna a bakin gado ina jin hayaniyar rediyon maƙwabta. Abokan zamana su ne tukwanen nan biyu.

Ruwa dai ban yi kuskure ba, don ta cika mini galan-galan da ruwan sama. A fitila na ɓata. Ni tun ina yaro an koya mini cewa kunna fitila da rana almubazzaranci ne, kuma a gidanmu duk wanda ya bar ƙwan lantarki a kunne gari a waye, sai Hajiya ta buga masa ƙofa. Ita kuma wannan fitilar haskenta fari ne, irin na kowane ƙwai. Da a ce shuɗi ne ko ja, irin na shagon aski, wataƙila da na yi tunanin tana da wani aiki na daban. Sai na ɗauke ta fitila kawai. In kunna da magariba, in kashe bayan isha'i. Da safe in kulle ƙofa in tafi lambu, in bar su cikin duhu wuni guda.

A hankali jan bakunan ya dushe, suka koma kore fayau. Sababbin ganye suka riƙa fitowa dogaye, marasa ƙarfi, suna kwanciya. Na kama ƙuda na sa a bakin ɗaya, bai ko motsa ba. Mai raɓar kuwa ta bushe ƙayau, ba ɗigo ko ɗaya.

Duk Juma'a Uwata tana kira. Wayata ƙarama ce mai madannai, ba ta nuna hoto. Sai ta ce, "Baba, ya 'yan ɗakinka?" In ce, "Lafiya lau." Allah Ya yafe mini, sau da yawa na faɗi haka ina kallon su suna mutuwa.

Wata safiya na tarar mai raɓar ta yi baƙi har ƙasa. Na riƙe tukunyar a hannu na daɗe, ranar ban je lambu da wuri ba. Na ce a raina yunwa ce, ƙasar tukwanen nan ba ta da albarka. Na ɗebo takin akuya mai kyau a leda, da niyyar in zuba wa wadda ta rage. Na kwance ledar ke nan sai na tuna da takarda. Na fito da ita na ƙura mata ido. Abin da na iya ganewa kalma biyu ne: "Baba" da "ruwa". In kai wa maƙwabci ya karanta mini? Kafin azahar duk Maamobi an ji cewa mai lambun shekara talatin ya kasa riƙe shukar da ba ta fi babban yatsa ba.

Bayan la'asar na tafi aji. A wata firamare muke zama, a kan bencin yara, gwiwoyinmu na taɓa tebur. Malamarmu ba ta girmi Uwata da yawa ba. Da aka tashi na tsaya, na miƙa mata takardar, na ce, "Malama, ki taimaka ki karanta mini."

Ta duba har ƙasa, sannan ta mayar mini. "Baba, wannan ba ni aka rubuta wa ba. Zauna, kai za ka karanta, ina nan kusa."

Wani mahauci ɗan ajinmu, abokin wasana, yana ɗaure littafinsa a keke ya leƙo. "Ei, mai lambu! Wasiƙar soyayya ce? A shekarunka?"

Na ce, "Zo ka zauna, in ka iya ka karanta ta taka ce."

Ya zauna kuwa. Na sa yatsa ina bin harafi ɗaya-ɗaya, gumi na keto mini. Layi na farko ya ce ruwan sama kaɗai. Na biyu ya ce kada in sa taki, zai ƙone su. Na taɓa aljihuna, ledar tana nan. Layi na uku ya fi ba ni wahala, na koma baya ya fi sau biyar kafin ya haɗu: "Fitilar nan ita ce ranarsu. Ka kunna bayan sallar asuba, ka kashe bayan isha'i."

Malama ta ce, "Kai da yaushe kake kunnawa?"

Na sunkuyar da kai. "Da magariba."

Mahauci ya dafa ciki yana dariya. "Wato wata uku shukar mutane tana azumi, sai magariba kake ba ta buɗa-baki! Kai mugu ne paa!"

Na yi dariya tare da shi, amma zuciyata ba ta yi ba. Amsar tana ƙasan akwatina tun ranar farko. Saura layi ɗaya aka kira salla, malama ta ce in ƙarasa shi a gida ni kaɗai.

Washegari da na dawo daga masallaci na kunna fitilar. Wallahi hannuna nauyi ya yi, kamar mai aikata laifi. Na zauna a ƙarƙashin haskenta da takardar, na bi layin ƙarshe har gari ya waye sosai. Ga abin da ta rubuta: "Baba, kai ma kada ka riƙa zama cikin duhu. Zauna kusa da su ka yi karatunka."

Ban gama share fuska ba Hajiya ta buga ƙofa. "Mai lambu, ka bar wuta a kunne!"

"Na sani, Hajiya."

"Ka sani? Gari a waye? Lafiyarka kuwa?"

Na buɗe mata na nuna mata tukunyar, na karanta mata layi na uku da bakina. Ta dubi shukar, ta dube ni, ta ce, "Yau na ga ikon Allah, ciyawa da fitilarta." Ba ta sake buga mini ƙofa ba.

Tsofaffin ganyen ba su farfaɗo ba, na yanke su ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta jira, jira kuwa sana'ata ce. In an ɗauke wuta sai in fito da tukunyar ƙofar gida inda hantsi ke sauka, in zauna gadin akuyoyi. Bayan makonni wani ɗan ganye gajere ya fito daga tsakiya, ya buɗe baki, cikinsa ya fara ja. Wata ranar Lahadi da rana ina kwafar darasi a gefen tebur, ƙuda ya sauka a ciki. Kafin in ƙifta ido bakin ya rufe. Na miƙe tsaye, na juya in gaya wa wani, babu kowa a ɗakin.

Juma'ar da ta biyo na gaya wa Uwata gaskiya duka, har da wadda ta mutu da ƙaryar da na riƙa yi mata. Sai ta ce, "Baba, wa ya karanta maka takardar?"

Na ce, "Ni na karanta."

Ba ta tambayi shukar ba kuma. Kuka kawai nake ji daga can nesa.

Shekaru sun wuce, shukar ta yi 'ya'ya har na raba tukwane, Uwata kuwa har yanzu ba ta dawo ba. Abin da na koya shi ne, sanin da mutum ya tsufa da shi yakan toshe masa kunne, kuma kunyar a ce bai sani ba tana iya kashe abin da yake ƙauna. Tun daga lokacin, in na ƙasa da ni yana magana, shiru nake yi in saurara har ya gama. Kullum kuma in na dawo daga sallar asuba, fitilar nake fara kunnawa, sannan in buɗe littafina.