Ranar da Na Kawo Maɗori Filin Ƙwallo

Ban taɓa zama ɗan ƙwallon kirki ba. Gajere ne ni, ga tumbi tun ina saurayi. Da samarin Gumel suka rasa wanda zai hura musu usur a gasar da ake yi bayan girbi, sai suka ce malamin firamare ya fi dacewa, tunda ya saba da tsawa. Na karɓa da murna. A lokacin alƙalanci ba shi da wuya. Wanda aka kayar zai tashi ya karkaɗe wando, in abin ya yi masa zafi ya rama a gaba, shi ke nan.

Gidajen kallo ne suka ɓata mana yara. Ni ma ina shiga, kuma ina jin daɗin ƙwallon Turai kamar kowa. Amma abu ɗaya yana tayar min da hawan jini. Sai ka ga ƙato, ya ci ya ƙoshi, an ɗan goge shi a kafaɗa, ya zube yana birgima yana riƙe da fuska. Ta tsakanin yatsu yake leƙen alƙalin wasa. Abokansa su yi wa alƙalin zobe, wannan yana nuna masa yatsa, wancan yana haɗa hannu kamar mai roƙon ruwa. A kawo gadon ɗaukar majinyata, a fesa masa wani abu a ƙafa, da an ba su fenariti sai ka gan shi yana gudu ya fi kowa lafiya. Yaranmu sun kasa koyon yadda mutanen nan ke ba da ƙwallo, amma faɗuwar sun haddace ta tsaf. Su can a kan ciyawa mai laushi suke birgima, namu kuwa a kan ƙarangiya da tsakuwa, kuma hakan bai hana su ba.

A wata shekara wasan ƙarshe tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar ya ƙare da dambe. Wani ya faɗi a gaban raga ba wanda ya taɓa shi, na ƙi hurawa, 'yan wasa suka rufe ni, 'yan kallo suka biyo baya. A bayan wani ɗan acaba na bar filin, ina jin duwatsu suna sauka a kan kwanon ajujuwa. Filin na makarantarmu ne, kuma shi kaɗai ne mai katanga da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a duk yankin. Washegari hedimasta ya kira ni, ya nuna min tagogin da aka fasa.

"Malam, sau ɗaya ya rage muku," in ji shi. "In aka sake jifa ko da ta dutse ɗaya ce, zan sa a nome filin nan a shuka gyaɗa."

Na san shi, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Da shekara ta zagayo, Gumel da Maigatari suka fito wasan ƙarshe. Mai lamba tara na Gumel kuwa ɗan yayata ne, wanda na goya a kafaɗa. Yaron yana da ƙafa, wannan ba gardama. Amma duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi iya faɗuwa. Har gashin kansa ya aske irin na wanda yake kwaikwaya a talabijin. Ana saura 'yan kwanaki wasa, mutanen da ba su taɓa taka ƙofar gidana ba suka fara zuwa gaishe ni. Yayata ta aiko da ƙwaryar fura, aka ce in ji tsoron Allah, in kuma tuna cewa ɗana ne. Na sha furar, raina a ɓace.

Ina zaune ina murza hannuna na hagu, wanda yake min tsami duk lokacin sanyi, sai dabara ta faɗo min. Ina yaro na faɗo daga kan tsamiya na karye, aka kai ni wurin wani maɗori a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Har yau in na tuna yadda maza suka danne ni, shi kuma ya ja hannun nan har ƙashi ya koma mazauninsa, sai tsigar jikina ta tashi. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san shi, ko ya ɗanɗana hannunsa ko ya ji ihun wanda ya ɗanɗana. Kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: ƙafar da ya ɗaure ba ta taka ƙasa sai ranar da shi ya kwance ta.

Na hau babur na je. Na tarar da shi ya tsufa, amma yatsun nan suna nan kamar taɓarya. Bai taɓa kallon ƙwallo ba. Na ce masa samari za su yi guje-guje, ana yawan jin ciwo, ba mu da likita, ko zai zo ya zauna mana a gefe.

"Har karaya ake yi?"

"Baba, in ka ji ihunsu za ka ce ƙafar ce ta cire."

"To Allah ya sawwaƙe. Zan zo."

Ranar wasa, bayan la'asar, filin ya cika har kan katanga. Mutanen Maigatari sun zo a manyan motoci da babura, har da 'yan uwansu daga tsallaken iyaka. Na sa aka shimfiɗa wa tsohon tabarma a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ya ajiye jakarsa, ya fito da fererrun karare da tsummoki da man shanu ya jera. Can gefe hedimasta yana zaune a kan kujerar aji, ya harɗe hannu. Na kira kyaftin biyu na gaya musu cewa yau muna da mai duba ciwo, duk wanda ya kwanta ya kasa tashi, shi zai gani. Suka ce to, hankalinsu yana kan kofi.

An tafi hutun rabin lokaci ba ci. Ana dawowa, aka jefa wa ɗan yayata ƙwallo, ya yanke mutum ɗaya, ya shiga da'irar gola. Mai tsaron bayan Maigatari ya miƙa ƙafa ya janye. Ina kusa, na ga rata tsakaninsu wadda akuya za ta wuce. Yaron nan ya tashi sama, ya faɗo, ya mirgina, ya ƙara mirginawa, ya rungume gwiwa yana kurma ihu.

"Kawu, ƙafata! Kawu, ya karya ni!"

Filin ya ɗauka gaba ɗaya. 'Yan wasan Gumel suka yi min zobe, har gola ya baro ragarsa. Wani yana huci a fuskata, wani yana jan rigata, wani yana rantsuwa da kabarin kakansa cewa ya ji ƙarar ƙashi. Na hango samari sun fara durowa daga katanga, wasu suna sunkuyawa ƙasa, na kuma san abin da suke ɗauka. Na hura usur da duk ƙarfina, na ɗaga hannu wajen dogon yaro.

"Ku ba Baba hanya."

Tsohon ya taso a hankali da jakarsa. Zoben ya buɗe da kansa, domin ba wanda zai tsaya a gaban mai furfura irin wannan. Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya kama ƙafar ya bi ta da yatsa tun daga idon sawu har gwiwa. Ihun yaron ya fara raguwa. Na ga idonsa ɗaya ya buɗe, ya sauka a kan kararen.

"Ƙashi dai ban ji inda ya rabu ba," in ji tsohon da ƙarfi, irin maganar wanda kunnensa ya yi nauyi. "Amma mai ihu haka ba banza ba. Targaɗe ne ya ɓuya a ciki, sai an ja. Samari, ku danne min shi. Kai riƙe kafaɗa, kai kuma zauna masa a cinya."

Har yau ban san ko da gaske yake ba ko ya gano komai. Fuskarsa ba ta nuna ba. Abin da ya ba ni mamaki, waɗanda suka rantse sun ji ƙarar ƙashi su ne suka fara sunkuyawa za su danne shi, tunda ba su da bakin musu.

"Baba, ya yi sauƙi," in ji yaron.

"Yi shiru, ɗana. Haka kowa yake cewa. In na ɗaure, kafin damina ka taka."

Ya tofa a tafin hannu, ya kama diddigen. Ban ga lokacin da yaron ya zame ba. Sai dai na gan shi tsaye can nesa, a kan ƙafafu biyu, ƙarangiya ta lulluɓe masa baya, yana tsalle yana cewa wallahi ya warke.

Wata mata mai sayar da zoɓo ce ta fara fashewa da dariya. Daga nan filin ya kece. Mutanen Gumel, mutanen Maigatari, na kan katanga, har waɗanda suka cika hannu da duwatsu suka zubar suna riƙe ciki. Na taka har inda yaron yake, na zaro katin gargaɗi na ɗaga masa sama yadda kowa zai gani. Wani daɗi ya ratsa ni tun daga kai har tafin ƙafa. Ba wanda ya matso kusa da ni.

Daga nan aka buga ƙwallon da ban taɓa hura irinta ba. A yi karo, mutum ya faɗi, kafin in kai usur baki ya miƙe. Wani ɗan Maigatari ya goge gwiwa har jini, ya rufe wurin da hannu yana cewa ba komai.

Ana dab da tashi, ɗan yayata ya sake samun ƙwallo. Wannan karon da gaske aka yi masa keta, an doke shi ta baya har na ji ƙarar. Ya yi taga-taga, hannunsa ɗaya ya dafa ƙasa. Usur yana bakina, fenariti ce halattacciya. Sai na ga ya ɗan waiga wajen dogon yaro, ya ciji leɓe, ya miƙe da ƙwallon a ƙafarsa, ya zabga ta a kusurwar raga. Na manta ni alƙali ne, saura kaɗan in yi tsalle.

Da na hura tashi, kyaftin ɗin Maigatari ya zo ya ba ni hannu, ya ce sun yarda, ci ne mai kyau. Motocinsu suka fita lafiya, suna ta kwaikwayon muryar tsohon suna dariya. Shi kuwa yana naɗe tabarmarsa yana mita, wai an ɗauko shi tun daga ƙauye ba ko yatsa ɗaya da ya gyara.

Fili ya watse, saura ni da hedimasta. Ya tashi, ya ɗauki kujerarsa, ya bi tagogin ajujuwa da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya zo zai wuce ni, bai ko tsaya ba.

"Malam, turken ragar gabas ɗin nan ya karkace," in ji shi. "A gyara shi kafin gasar baɗi."

Na tsaya ni kaɗai a tsakiyar filin, na sa usur a baki na hura, ba don kowa ba.