Ragon Yaya da Gilashin Tagata

Tun zamanin En'e, jajibirin wata Babbar Sallah, nake jin haushin yayana.

Na gama makarantar Midil, na rantse ni zan fara kafa tagar gilashi a Kusada. Wani makanike a Kankiya ya nuna mani gilasan matacciyar motar gyaɗa: "Na gaba ko ya tsage yana riƙe. Na ƙofa ya fi ƙarfi, amma in ya fashe, tsaki ne."

Yaya, da ya raka ni, ya ce, "Ɗan boko, ɗauki mai ƙarfin mana!"

Jama'a, da muka kawo gilashin ƙofar gida muka jingine shi a bango, unguwa ta taru kallo, mata har da guɗa! Sai Yaya ya shigo da ragon layyarsa. Rago ya hango wani rago a cikin gilashin, ya ja da baya, ya zabura.

Ku da wanne za ku ɗauka? Ni dai tagata da tsintsiya aka kwashe ta.