Bangon Inna a Kwamfutar Yasira

Yasira ɗiyar yayana Lawali ce, kuma duk wanda ya ce aikin kwamfuta zaman banza ne, to ya zo ya same ni. A Wara aka haife ta. Tun tana ƙarama ga tambaya ga kafiya, har ubanta kan ce ta fi ƙarfinsa. Yanzu malamar kwamfuta ce a wata sakandare a Yelwa.

Shi Lawali a gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogi, aka haife shi, kafin ruwan Kainji ya shanye garinmu. Innarmu ta yi wa bangon ɗakinta ado gida-gida kamar na dara, da jan ƙasa da farar ƙasa da baƙi. Ba hotonsa, ba komai. Ni kuwa bayan an taso daga can aka haife ni, ban taɓa ganin bangon ba. Lawali kaɗai ya rage mai tuna shi, ga idanunsa kullum ƙara dushewa suke.

Ran nan Yasira ta zo hutu, ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta buɗe kwamfutarta.

"Baba, faɗa min layin farko na adon bangon Inna."

Na ce, "Ke, ina alƙalamin zanen?"

Ta ce, "Goggo, hoto ai 'yan ɗigo ne a jere. Kowane ɗigo lamba uku gare shi: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi. Ni lambobin zan rubuta, na'ura ta mayar da su launi."

Wallahi na ɗauka tatsuniya ce. Yana faɗa tana bugawa, lamba bayan lamba, sai ta danna, sai ga gidaje sun fito reras.

Lawali ya kai fuska kusa, ya ja tsaki. "Wanga ja na tumatur ne! Na Inna ya fi duhu."

Ta goge 255 a lambar ja, ta sa 150. Ya ce duhun ya yi yawa. Ta ƙara kaɗan. Haka suka yi ta fama, yana faɗa tana dariya, wani layin ma sai da suka rushe shi gaba ɗaya don ya tuna baƙin ne a sama. Da suka gama ta faɗaɗa gidajen yadda zai iya gani.

Ya bi su da kallo layi-layi. Sannan ya lalubo hannuna.

"Zuliha, matso ki ga ɗakin uwarki."

Na matsa. Kuka na yi, ba na ɓoyewa, kuma ɗiyarmu ce ta yi wannan.