Macijin Bayan Randa

Tun da maigidana ya rasu, aiki kuma ya watsa 'ya'ya garuruwa, ni kaɗai na rage a gidanmu na Ƙofar Sauri. Sai in wuni ban ji sallamar kowa ba.

Wata rana da hantsi na je ɗibar ruwa, na tarar da maciji ya naɗe a sanyin bayan randa. Har na buɗe baki zan kwarma ihu, sai na tuna abin da Malam ya koya mini: kububuwa kanta da faɗi, jikinta da kaushi. Wannan kuwa sumul yake, ruwan ƙasa, da ɗan siririn kai. Mai cin ɓeraye ne, ba shi da dafi.

Na sani sarai, ihu ɗaya zai cika tsakar gidan da maƙwabta riƙe da sanduna, mutanen da rabonsu da leƙo ni tun sadakar arba'in. Su kashe shi, su yi mini jaje, su watse.

Na fasa ihun. Na cika moɗa a hankali don kada in tashe shi. Shi dai ya zo, kuma ya zauna.