'Yan Rakiyar Baba

Jama'a, abin da zan ba ku a kaina ya faru, wallahi ba ji na yi a bakin wani ba. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gwarzo, shekarun da aka fara Shari'a, albashi sai ran da aka ga dama, magani kuwa ko a asibiti sai dai a rubuta maka ka je ka nemo. Mahaifina, Baba, manomi ne a Dugabau ta ƙasar Kabo, mutum mai jan ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ya yi daga kan rumbu. Ciwon ciki ya cinye shi har ya koma kamar kara, aka ce in ana son ransa a kai shi birni babban likita ya duba shi.

Muka yi sammako muka isa, aka ce likitan sai bayan La'asar. Baba ya ce shi warin asibitin nan zai ƙarasa shi kafin ciwon, in fitar da shi ya sha iska. To, a tsallaken titi akwai wani ƙaton lambu da aka yi don tunawa da mazan jiya, ga bishiyoyi, ga doguwar katanga an rubuta sunayen waɗanda suka rasu a yaƙi, ga gidan kayan tarihi. Na riƙe shi muka zaga, muka ga takubba da sulke da kuɗin wuri. Ni dai kallo kawai nake yi, ba abin da ke shiga kaina, don rabona da barcin kirki har na manta.

A can ƙarshen lambun an gina gida irin na da don masu kallo, da zaurensa da rumbunsa da turmi a tsakar gida. Da akwai mutum-mutumi na laka a cikin zauren, amma tunda Shari'a ta zo sai aka lulluɓe su da buhu. Kun san tsofaffinmu, ba sa ganin ƙofar zaure su wuce haka nan. Baba ya tuɓe takalmi ya yi sallama. Na buɗe baki zan ce masa ai ba kowa, sai aka amsa.

"Wa alaikumus salam. Maraba da mutanen Dugabau."

Muryar dattijo ce, har da ɗan kakin nan na tsufa. Na rantse da Allah ba wanda muka gaya wa garinmu. Tsoro ma ban ji ba, jikina ne kawai ya zama kamar ba nawa ba. Baba ya shiga ya durƙusa, ya hau gaisuwa, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da damina, yana yi yana sauraro yana amsawa. Na leƙa, tabarma ce da tukunya da buhunan nan a tsaye, shi ke nan. Mai gadi ya zo ya ce, "Malam, ba a shiga nan." Na ce masa ai da mutane a ciki. Ya dube ni, ya dubi zauren, ya ce tun safe shi kaɗai ne a ɓangaren nan, ya juya ya tafi bai ƙara waiwaye ba.

Baba ya fito fuskarsa a sake, yana tafiya ba tare da ya dafa ni ba. Ya ce mu tafi gida. Na ce, "Baba, likita fa?" Ya ce, "Kai ba ka da ta ido ne? Mutane sun taso za su taka mana, sai in kai su layin asibiti in zaunar?" Na roƙe shi, na ce ransa muka zo nema, ya yi kamar da bango nake magana. Ni da na sha wahalar haɗa tafiyar nan, sai kawai na ji bakina ya ce to.

Kun san yadda rakiya take a wurinmu, in an taka maka zuwa bakin hanya, kai baƙo kai ne za ka ce ku koma haka nan. Muka fita ƙofar lambun bai faɗa ba, muka isa tasha bai faɗa ba. A mota ya matse jikin taga ya bar fili a gefensa. Kwandasta ya tura wani mutum wurin, mutumin ya zauna, ya miƙe, ya ce wurin ya yi masa matsi, ya koma baya. Da muka zo Kabo na raɗa masa, "Baba, ka sallame su mana." Ya ce, "Na yi musu magana, sun ce sai sun ga shigata."

A gida ya ci tuwo, abin da ya daɗe bai yi ba. Washegari da hantsi ya cika, kafin Azahar an kai shi. Ko hawaye ban yi ba, mutane na ta yaba haƙurina, ni kuwa ba haƙuri ba ne, ba na jin komai ne.

Da muka taso daga maƙabarta na tsaya a baya, sai na ji taku a bayana cikin yashi, in na tsaya a tsaya, in na tafi a biyo. Ban waiwaya ba. Na ce, "Ya shiga. Ku koma haka nan, Allah ya ba da lada." Can sai na ji takun ya juya yana nisa, kuma a cikinsu akwai mai jan ƙafar hagu.

Har yau ban san su waye ba, ban kuma sake taka lambun nan ba. Ni dai shawarata, in kun je irin wuraren nan ku yi kallonku ku fito, kada ku tsaya gaisuwa a ƙofar da ba ku ga mai gida ba. In kuwa aka taso raka ku, ku sallami mutane tun a bakin hanya.